Edita ya ce labarina gulma ne: in wallafa da kaina ko in bar karatun jarida?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku, ina karanta aikin jarida a jami'a, yanzu kuma ina horon sanin makamar aiki na wata uku a wani gidan rediyo. Mako shida ke nan da farawa, ko labari ɗaya nawa bai fita ba. A makaranta kullum ra'i ne da haddar sunayen masana, malaminmu sai dai ya karanto mu rubuta. A gidan rediyon kuma tun ranar farko edita ya ce in ajiye duk abin da aka koya mini a bakin ƙofa. Kwanan baya na kawo labarin ɗakin kwananmu: an karɓi kuɗin gyaran famfo a hannun ɗalibai tun farkon zango, har yau babu ruwa, kuma wata ƙawata ta tabbatar mini mai kula da ɗakin kwanan ce ta cinye kuɗin. Kwana na yi ina rubutawa. Edita ya karanta layi biyu, ya miƙo mini takardar a gaban mutane, ya ce wannan gulma ce, ba labari ba. Sai da na ɓuya na yi kuka. Wani ɗan ajinmu mai mabiya da yawa a Facebook ya ce in ba shi ya sa a shafinsa, wai digiri ɓata lokaci ne, zamanin edita ya wuce. Mahaifina ne ke ɗaukar nauyin karatuna, kuma ban gaya masa komai ba. In wallafa? Ko dai aikin nan ba nawa ba ne, in nemi canjin kwas?

Ɗaliba mai neman mafita

Wa alaikumus salam, 'yata. Sannu da haƙuri. Wanda ya kwana yana rubutu aka watsa masa ƙasa a ido a gaban jama'a, dole abin ya yi masa ciwo, kuma babu laifi don kin yi kuka. Amma bari in fara da abin da ba ya jira: kada ki ba ɗan ajinku labarin nan, ba yau ba, kuma ba a siffar da yake yanzu ba. Maganar canjin kwas ki jingine ta tukuna, za mu zo kanta. Abin da kike riƙe da shi a hannu ya fi kwas ɗin gaggawa, domin akwai sunan wata baiwar Allah a ciki.

Ki samu takarda ki raba ta gida uku. A gida na farko ki rubuta abin da kika gani da idonki ko kike da shaidarsa a rubuce. A na biyu, abin da wani ya faɗa miki. A na uku, abin da kike zato. Daga wasiƙarki, gida na farko zai ɗauki abu biyu: an karɓi kuɗi, kuma famfo ba ya kawo ruwa. Cewa mai kula da ɗakin ta cinye kuɗin yana gida na biyu, daga baki ɗaya tak. Kuskurenki shi ne kin ɗauko abin gida na biyu kin ɗora shi a kan labarin kamar na gida na farko ne. Abin da edita ya gani ke nan a layi biyun da ya karanta, kuma layi biyu sun ishi tsohon ma'aikaci ya gane hakan. Kalmar gulma ta yi tsauri, amma ba a banza ya faɗe ta ba.

Kin ce ƙawarki ta tabbatar miki. Ki koma wurinta da tambaya ɗaya, wadda za ki riƙa yi wa kowace majiya har ki bar aikin nan: ta yaya kika sani? Amsar ba za ta wuce ɗaya cikin uku ba. Ko tana wurin abin ya faru, ko ta ga takarda, ko ita ma ji ta yi. Idan ji ta yi, to ba majiya ba ce, hanya ce zuwa majiya, sai ki tambayi wa ya faɗa mata ki bi sawu. Nan ne masu koyo suka fi faɗawa rami: sai su ji magana ɗaya a bakin mutum uku su ce sun samu majiya uku, alhali duka ukun a bakin mutum ɗaya suka ɗauko. Ki kuma tambayi kanki ko akwai wata 'yar tsama tsakanin ƙawarki da matar. Tsama ba ta mai da magana ƙarya, amma tana ƙara yawan shaidar da za ki nema kafin ki yarda.

Kada ki ɗauka ɗalibai kaɗai ke irin wannan tuntuɓe. A Nuwamban 2014 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta buga wani dogon rahoto kan zargin fyaɗe a Jami'ar Virginia, kusan dukkansa a kan maganar mutum ɗaya, ba tare da an tuntuɓi abokai ukun da aka ambata a ciki ba. A Afrilun 2015 mujallar ta janye rahoton bayan makarantar koyon aikin jarida ta Jami'ar Columbia ta bi diddiginsa, sannan a 2016 kotu ta yanke a biya wata ma'aikaciyar jami'ar da rahoton ya ɓata wa suna dala miliyan 3. Ƙwararru ne, da editoci da masu tantance bayanai, amma tausayin majiya da son labarin suka hana su yin kiran waya uku. Wani abin takaicin ma shi ne matsalar da suka so haskawa matsala ce ta gaske, sai rahoton ya ba masu musunta ta abin kafa hujja. Haka zai faru da famfonku: ranar da aka gano zargin cin kuɗin bai tabbata ba, za a manta da ɗaliban da ba su da ruwa, maganarki za a koma yi.

Sai batun shari'a, wanda na tabbata an taɓa muku shi a aji ko yana tafe. A dokokin ƙasashe da yawa, wanda ya maimaita ƙazafi yana ɗaukar alhakinsa kamar wanda ya ƙirƙira. Rubuta "ana zargin" ko "wata majiya ta ce" ba garkuwa ba ce idan babu hujja a bayanta. Ɓoye sunan matar ma ba zai fisshe ki ba, domin ɗakin kwanan mai kula ɗaya gare shi, duk wanda ya karanta ya san da wa ake. Ki buɗe littafinki na dokokin yaɗa labarai ki karanta babin ɓata suna da wannan labarin a gefe, za ki ga darasin da kika haddace don jarrabawa ya koma abin da ya shafi wuyanki. Gidan rediyo yana da shugabanni da lauyan da za su tsaya idan aka kai ƙara. Shafin ɗan ajinku ba shi da kowa, kuma ranar da takardar sammaci ko ta kwamitin ladabtarwa ta zo, sunanki za a nema.

Akwai wani abu da ba ki lura da shi ba, kuma ban ga laifinki ba don ba a cika faɗa wa ɗalibi shi da wuri ba. A ɗakin kwanan nan kike, kin biya kuɗin, ke ma kina shan wahalar ruwan. Wato kina cikin labarin. Wannan bai haramta miki kawo shi ba, galibin labarai masu kyau daga abin da ya dami ɗan jarida suke farowa. Amma wajibi ne ki faɗa wa edita tun farko, shi kuma ya zaɓa: ko ya bar miki ki yi da sa idonsa, ko ya haɗa ki da wani wakili ya yi hirar da hukumar makaranta, ke ki tattara sauran. Idan ya ba wani ɓangaren, kada ki ji an ƙwace miki. Kariya ce gare ki, tunda mutanen da za ki yi wa tambaya suna da iko a kan makwancinki da karatunki.

To yanzu ga yadda gulmar za ta koma labari, domin akwai labari a ciki, mai kyau kuwa. Ki fara da takardu. Ki nemo sanarwar da aka ba ɗalibai ta neman kuɗin, ko a allo aka manna ko a zauren WhatsApp aka tura, ki ɗauki hotonta yadda kwanan wata da sunan wanda ya sa hannu za su fito. Ki nemo rasit, naki da na wasu. Ki duba abu uku a jikinsa: wa ya karɓa, da sunan wane ofishi, kuma hannu da hannu aka ba da ko a asusu aka zuba. Wannan kaɗai zai iya juya labarin, domin idan asusun makaranta kuɗin ya shiga, mai yiwuwa matar ko taɓa shi ba ta yi ba. Daga nan ki yi magana da ɗalibai aƙalla biyar daga ɓangarori daban-daban na ginin, waɗanda ba ƙawayenki ba kuma ba na ƙawarki ba. Kada ki tambaye su ko sun ji an cinye kuɗi, wannan sa musu magana a baki ne, kuma ke da kanki kin zama mai yaɗa zargin. Ki tambaye su yaushe suka biya, yaushe rabon da ruwa ya zo, ina suke samo ruwa yanzu, minti nawa yake cin musu, kuma me aka ce musu da suka yi ƙorafi. Ki nemi sashen gyare-gyare na makarantar ki ji me ya lalace: injin ne ya ƙone, bututu ne ya fashe, ko wuta ce ba ta isa. Mai gyara yakan faɗi a minti biyar abin da ofis zai yi mako yana juya ki a kansa.

Ki yi hattara da lissafi. Za ki ji sha'awar ninka yawan mazauna ɗakin da kuɗin da aka yanka wa kowa, ki ce ga jimillar abin da aka tara. Idan mutum 400 ke kwana a ginin amma 250 ne suka biya, kin ƙara wa kuɗin fiye da rabi daga aljihunki, kuma wannan kuskure ɗaya ya isa a ƙaryata rahoton gaba ɗaya. Adadin da ba ki samu a takarda ko a bakin mai alhakin riƙe shi ba, ki bar shi.

Sai mataki mafi nauyi a zuciya, wanda kuma shi ne ya raba ɗan jarida da mai baza ji-ta-ji-ta: jin ta bakin wadda ake magana a kanta. Ki je da sanin edita, ki gabatar da kanki da sunanki da gidan rediyon da ya turo ki, kada ki shiga a matsayin ɗaliba mai ƙorafi sannan ki naɗi muryarta a ɓoye. Tambayoyin su zama gajeru, ɗaya bayan ɗaya: nawa aka tara, a hannun wa yake, me aka yi da shi zuwa yanzu, me ya tsayar da gyaran, yaushe ake sa ran ruwa. Idan ta ce ba ta da izinin magana, haƙƙinta ne, ki tambaye ta wa ke da izinin, yawanci ofishin kula da harkokin ɗalibai ne ko kakakin jami'a. Ki aika musu tambayoyin a rubuce, ki ba da wa'adi mai ma'ana, kwana ɗaya zuwa biyu ga labarin da ba na gaggawa ba, ki kuma rubuta a littafinki rana da ƙarfe nawa kika kira ko kika tura saƙo. Da haka in an ce "mun nemi jin ta bakinsu ba mu samu ba", magana ce mai shaida. Kundin ɗa'ar aiki na Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Duniya, wanda aka amince da shi a birnin Tunis a 2019 bisa tushen na Bordeaux na 1954, ya fito fili ya ce gaggawar fitar da labari ba ta gaban tantance shi da ba wanda abin ya shafa damar mai da martani. Ki shirya ranki kuma: tana iya fito miki da takardar da ke nuna ta miƙa kuɗin tun watanni, sai labarin ya koma kan ofishin da ya riƙe. Tana iya kasa ba da amsa. Kowanne ya faru kin samu labari, kuma ba ke kika yanke hukunci ba.

Wajen naɗar murya, ƙananan abubuwa ke ɓata aikin yini guda. Ki sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗin. Ki riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ɗan gefe kaɗan don iskar baki kada ta riƙa bugun makirfo. Ki nisanci fanka da janareta, in a waje ne ki juya wa iska baya. Ki naɗi daƙiƙa goma ki saurara kafin ki shiga hirar sosai. Ki fara da cewa mutum ya faɗi sunansa da muƙaminsa da bakinsa, ki kuma rubuta yadda yake rubuta sunan. Yana magana ki yi shiru, ki gyaɗa kai kawai, domin "uhm" da "haka ne" ɗinki ba sa yankuwa daga cikin muryarsa. Kafin ki bar wurin ki naɗi rabin minti na sautin wurin, ƙarar bokitai ko hayaniyar layin ɗiban ruwa, zai yi miki amfani wajen haɗa rahoton. In wani ya ce kada a ambaci sunansa, ku daidaita kafin hirar, ba bayanta ba, kuma edita shi dole ya san ko wane ne, ko da mai sauraro bai sani ba.

Rubutun kansa, ina kyautata zaton kin buɗe shi da shimfiɗa irin ta amsar jarrabawa, ko kuma da zargin kai tsaye. Rediyo ba ya son ko ɗaya. Mai sauraro ba ya iya komawa baya ya sake ji, kuma ƙila hankalinsa rabi na kan wani aiki. Jimlar farko ta ɗauki abu mafi muhimmanci da kika tabbatar, misali: "Ɗaliban wani ɗakin kwana a jami'ar sun ce sun shafe makonni babu ruwan famfo, duk da kuɗin gyara da suka biya a farkon zango." In an zo fitarwa sai a sa sunan ginin da ainihin adadin makonnin. Jimla ta biyu ta kawo martanin hukuma, ba a jefa shi can ƙarshe ba. Sannan muryar ɗaliba ɗaya ta daƙiƙa 15 zuwa 20, sai muryar jami'i, sai ƙarin bayani. Wannan shi ne tsarin dala a kife da kuka yi a aji, muhimmi a sama, mai sauƙin yankewa a ƙasa, don idan lokaci ya ƙure edita ya datse daga gindi ba tare da labarin ya mutu ba. Kowace jimla ta ɗauki magana ɗaya. Mai magana ya zo kafin maganarsa, wato "kakakin jami'ar ya ce an sayo injin", domin in kika fara da maganar, mai sauraro zai ɗauka gidan rediyon ne ke faɗa. Ki guji "ya amsa cewa" da "ya fallasa" da "ya yi iƙirari" inda "ya ce" ta wadatar, kowace cikinsu hukunci take ɗauke da shi a ɓoye. In kin gama ki karanta da ƙarfi kina duba agogo. Duk inda numfashinki ya yanke, jimlar ta yi tsawo.

Editanki kuma, ban goyi bayan yadda ya yi miki ba. Gyara a gaban jama'a ga mai koyo ba koyarwa ba ce, kuma cewa ki ajiye karatunki a bakin ƙofa magana ce ta burga da tsofaffin ma'aikata suka saba yi wa sababbi. Abin dariyar shi ne, da ƙa'idar da ke cikin littafinki ya ƙi labarin, bai dai kira ta da sunanta ba. Amma ki dubi nasa ɓangaren: agogo na binsa, labarai na jiransa, kuma duk abin da ya fita da kuskure shi za a tuhuma. Ki same shi bayan an gama labarai, ba ana saura minti ashirin a shiga ba. Ki ce masa, "Yallaɓai, na gane labarin nan majiya ɗaya gare shi. Ga abin da na tattaro, ga waɗanda nake son tuntuɓa, kuma a ginin nake kwana. Me ya rage?" Editoci da yawa da ba sa iya koyarwa suna iya amsa tambaya. In shi ɗin bai da wannan haƙurin, a kowane sashen labarai akwai wani mataimaki ko tsohuwar wakiliya mai sauƙin kai, ki lura da wanda ƙananan ma'aikata ke zuwa wurinsa. Idan kuwa abin ya wuce tsawa ya koma cin mutunci ko wani abin da bai dace ba, malamin da ke duba horonku a makaranta don haka aka naɗa shi, ki sanar da shi a rubuce.

Cikin makonni shidan da suka rage, ki roƙi ƙananan ayyukan da kowa ke gudu: rubuta muryoyin da wakilai suka turo, mai da takardar sanarwa labari mai jimla huɗu, kiran waya don tabbatar da suna ko adadi. Duk abin da kika rubuta ki ajiye kwafinki, in an gyara an karanta ki ɗora biyun gefe da gefe ki ga me aka cire, me aka ɗaga sama, wace kalma aka sauya. Ki rubuta dalilin da kike zato a wani littafi na daban. Bayan gyara ashirin za ki ga kurakuranki ba su wuce iri uku ko huɗu ba, suna ta maimaituwa ne.

Game da ra'in da ya gundure ki, matsalar ba a ra'in take ba, a yadda ake ba ku shi ne, ba a haɗa muku shi da komai. Ɗauki ra'in mai tsaron ƙofa, wato editan da ke zaɓar labarin da zai fita da wanda ba zai fita ba. A 1950 David Manning White ya wallafa nazarin da ya yi kan wani editan jarida a Amurka, wanda ya sa ya ajiye duk labaran da ya ƙi na tsawon mako guda tare da dalilinsa. Kusan kashi tara cikin goma na abin da ya shigo bai shiga jarida ba, wasu don rashin fili, wasu don ra'ayin editan kawai. To ke yanzu kullum kina zaune kusa da mai tsaron ƙofa, har ƙofar ta buge ki. Ki yi irin nazarin a ƙaramin mataki: kwana biyar, ki rubuta labaran da suka shigo da waɗanda suka fita, ki nemi dalili. Haka Maxwell McCombs da Donald Shaw, da suka nazarci zaɓen Amurka na 1968 suka wallafa a 1972, sun nuna batutuwan da kafafen yaɗa labarai suka fi ba fili su ne masu zaɓe suka ɗauka mafi muhimmanci. Ki saurari labaran yamma na tashoshi biyu na mako guda, ki rubuta labarai ukun farko na kowace da daƙiƙun da aka ba su. Abin da za ki gani a takardarki ba za ki sake buƙatar haddarsa ba. Johan Galtung da Mari Ruge kuma a 1965 sun jera abubuwa 12 da ke sa lamari ya zama labari, ki gwada famfonku da su ki ga nawa ya cika.

Malaminki mai karanto muku a rubuta, ƙila aji ya yi masa yawa, ƙila kayan aiki babu, ƙila kuma shi ma haka aka koya masa. Ba za ki canza shi ba, amma za ki iya amfana da shi fiye da yanzu. Ki kai masa wannan nazarin na kwana biyar a ofis ki ce ya duba miki, malamin da ɗalibai ba sa tambaya yakan buɗe baki sosai ranar da aka zo masa da abu a hannu. Ƙila ma nan ne kan aikin bincikenki na shekarar ƙarshe zai fito. Rigimar aji da fili tsohuwa ce. Makarantar koyon aikin jarida ta Jami'ar Missouri da Walter Williams ya kafa a 1908, tun ranar da aka buɗe ta ɗalibai suka fara fitar da jarida, saboda an gane ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya. In sashenku na da jaridar ɗalibai ko rediyon harabar makaranta, ki shiga. In babu, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku riƙa fitar da labarai uku a mako, kowa na gyara na wani, da sharaɗin babu abin da zai fita sai da majiya biyu da ba su da alaƙa da juna da kuma martanin wanda abin ya shafa.

Ɗan ajinku ba maƙiyinki ba ne, kuma yana da abin da za ki koya a wurinsa: ya san irin kanun da ke tsayar da mutum, da lokacin da jama'a ke kan waya, da yadda ake yanka bidiyo. Gidajen jarida na neman wannan ƙwarewar. Inda ya kuskure shi ne zaton cewa tunda kowa na iya wallafawa, an daina buƙatar tantancewa. Ki lura kuma da rabon da ya yi muku, ko da bai yi da niyya ba: shafinsa zai samu mabiya, ke ki samu alhaki. Ki ce masa labarin bai nuna ba tukuna. In edita ya ƙi shi bayan kin cika komai, ki tambayi dalili, ki kuma nemi izini kafin ki kai shi wani wuri, domin abin da kika tattara da sunan gidan rediyon ba naki ba ne ke kaɗai. Ƙawarki ma ki kare ta: kada ki tura wa kowa hoton hirarku, kada sunanta ya fito a cikin zance, ko da zarginta bai tabbata ba.

Canjin kwas ba a yanke shi a makon da aka yi kuka. Mako shida ba tare da labari ya fita ba abu ne da aka saba gani ga mai horo, kuma wadda ta hango labari a famfon da ɗaruruwan mutane ke wucewa kullum suna tsaki, tana da idon aikin. Ki ba kanki zuwa ƙarshen horon, sannan ki tambayi kanki wane ɓangare ne ya yi miki nauyi. In tunkarar mutane da tambaya ce ba kya so, akwai gyaran labari, da shirya shirye-shirye, da bin diddigin bayanai, da aikin alƙaluma, duk a cikin gidan. In kuwa kin ga gaba ɗaya babu abin da ke motsa ki, sai a yi maganar canji da ido buɗe, bayan kin tambayi ofishin sashenku darussa nawa za a ɗaukar miki da shekara nawa za ki ƙara. Mahaifinki kuma ki gaya masa tun yanzu, ba a matsayin mai shirin gudu ba. Ki ce masa horon ya yi tsauri, an dawo miki da aiki, kina gyarawa. Gara ya ji daga bakinki yana yi miki addu'a, kuma tunda labarin ya taɓa hukumar makarantarku, ya kamata wani babba a gida ya san kina kansa.

Gobe da safe kafin ki tafi gidan rediyon, ki nemo rasit ɗinki ki duba sunan da ke jikinsa, ki ɗauki hoton sanarwar in tana nan a allo, sannan ki kira ƙawarki ki yi mata tambayar nan. Abin da ta amsa ki rubuta shi kalma da kalma, da rana da lokaci, ki tafi da shi wurin edita bayan labaran rana. Allah ya ba da sa'a, 'yata.